Zan iya saka mindar kakana ranar 15 ga Janairu?

Ɗan_Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta ɗaure mana kai a gida, na ce bari in kawo ta nan. Bayan rasuwar kakarmu muka shiga gyaran ɗakinta, sai muka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ashe kayan kakanmu ne, wanda duk unguwa ke kira Baba Saje. Akwai rigar kaki da asu ya ci wuyanta, da takardar sallamarsa daga soja, da mindodi, wato lambobin yabo na soja, guda huɗu: biyu taurari ne masu tsini shida, biyu kuma zagayayyu da kan Sarkin Ingila a jiki. Akwai kuma wani ɗan ƙyalle rawaya da hoton baƙin gizo-gizo a tsakiya. Mun san ya je yaƙin ƙasar Bama (Burma) lokacin yaƙin duniya na biyu, amma bai cika ba da labari ba, ni kuma ina ƙarami ya rasu.

Ina so ranar tunawa da 'yan mazan jiya in maƙala mindodin a kaftanina in je wajen fareti. Ƙanena ya ce shi rigar zai saka. Baffanmu ya ce kada mu kuskura, sojoji za su sa mu tsallen kwaɗo. Don Allah wanda ya san ƙa'ida ya yi mana bayani.

UmmanKhalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba Saje da kakarku, ya sa sun huta. Wallahi ina karantawa sai da ƙwalla ta zo mini, na tuna akwatin mahaifina.

Sadiq_Terminus:
Baffanku ya fi ku gaskiya. Rigar dai ka hana ƙanenka tun da wuri. A garin nan na Jos na ga yaron da aka tuɓe wa wando a bakin titi saboda wandon mai dabbare-dabbare ne irin na soja, kuma a gwanjo ya saya.

TsohonSamanja:
Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka aikata. Shekara talatin da biyar na yi ina sanye da kayan sarki, na je Laberiya, na je Saliyo. Bari in raba maka maganar gida biyu.

Riga daban, minda daban. Riga shaida ce cewa mai ita ya yi rantsuwa, yana da lamba, akwai na sama da shi da zai tuhume shi in ya yi ba daidai ba. Wanda bai bi ta Zariya ya sha gwale-gwalen kurtu ba, ko bai fito daga makarantar hafsoshi ta Kaduna ba, ba shi da hurumin sa ta, ko da ta ubansa ce. Mu kanmu da muka yi ritaya ba ma yawo da kaki. Ranar fareti kayan ƙungiyar tsoffin sojoji muke sawa da hularmu, mu jera mindodinmu a ƙirjin hagu.

Ita minda kuwa ta wanda ya yi aikin ce, kuma a hagu yake ɗaura ta, saitin zuciya. Al'adar da muka gada daga Turawan Ingila ita ce ɗa ko jika ko matar mamaci na iya ɗaura ta a ƙirjin dama, ranar tunawa kawai, don duk wanda ya gani ya san ba tasa ba ce. Amma gaskiya ba kowane yaron soja da ke gadi a bakin ƙofa ya san wannan ba. Ka fara zuwa ofishin ƙungiyar tsoffin sojoji da takardar sallamar nan, ka gabatar da kanka, su shigar da kai cikinsu.

Ɗan_Gangare:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma. To shi wannan gizo-gizon fa, ko kun san ma'anarsa?

MalamTarihi_UJ:
Bari in amsa wannan da izinin Baba Samanja. Ɗan_Gangare, abin da ke hannunka dukiya ce. Baƙin gizo a kan rawaya tambarin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ne, ɗaya daga cikin rundunoni biyu da Ingila ta kwasa daga Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya zuwa Bama don su yaƙi Japan. An zaɓi gizo ne saboda wayonsa a tatsuniyoyin mutanen Gana, kamar dai yadda namu Gizon yake. Ɗayar, Runduna ta 82, tambarinta mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, domin da yawa daga cikin mutanenmu a ka suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci cikin dazukan da mota ba ta shiga.

'Yan 81 sun yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, kuma a Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu wajen karɓe garin Myohaung. Wasu bataliyoyin Nijeriya kuma an ba da su ga dakarun Chindit da ake saukewa da jirgi a bayan abokan gaba. Shi ya sa kake jin barikin Chindit a Zariya, da Myohaung da Arakan da Dodan a Legas. Duk sunayen Bama ne. Barikin Mogadishu na Abuja kuma tunawa ne da shigar sojojinmu wannan birni a 1941 lokacin yaƙi da Italiya. Kuma Hausa ce harshen da ake magana da shi a cikin sojan Nijeriya a wancan zamani, har Turawan hafsoshi sai sun koya.

Duba ƙyallen taurarin nan. In ka ga mai ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ruwan lemo, wannan ita ce Tauraruwar Bama.

Ɗan_Gangare:
Allahu akbar! Malam wallahi haka take, sai dai jan ya koɗe. Yau na fara sanin inda kakana ya taka.

Abu_Huzaifa:
Ni ina da ja a kan tushen abin gaba ɗaya. Me mamaci zai ƙaru da shi in ka rataya ƙarfe a ƙirji ka je ka tsaya gaban mutum-mutumi ana ajiye furanni? Abin da ke isa ga mamaci addu'a ce da sadaka. Ka sayi buhun masara ka kai gidan marayu da sunan kakanka, ya fi masa wannan sau dubu. Ajiye fure da yin shiru na minti ɗaya ba tarbiyyarmu ba ce.

Hajiya_Bukuru:
Malam Abu Huzaifa, ba wanda ya ce a bar addu'a. Ai cikin tsarin makon ma akwai addu'a ta musamman a masallacin Juma'a, Kiristoci su ma su yi tasu a coci ranar Lahadi. Yaron nan bai ce zai bauta wa minda ba. So yake a san kakansa ya wanzu.

Abu_Huzaifa:
Hajiya ban ce bauta ba ce. Cewa na yi akwai abin da ya fi. Kuma tsayuwa gaban gunki da sunkuyar da kai, ni dai zuciyata ba ta natsu da shi ba.

TsohonSamanja:
Malam, ina girmama fahimtarka, kuma ba zan yi jayayya da kai a kan ilimi ba. Abu ɗaya zan faɗa. Akwai yaran da na bari a dajin Laberiya waɗanda ko gawarsu ba mu iya ɗaukowa ba. Ba su da kabarin da uwa za ta nuna ta ce nan ɗana yake. In aka busa begilar nan kowa ya yi tsit, ni Ƙulhuwallahu nake karanta musu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na kusa da ni Kirista ne, shi ma leɓensa na motsi. Abin da ke faruwa a wurin ke nan.

Rifkatu_TudunWada:
Sannu Baba. Mahaifina ya yi yaƙin basasa, ya dawo da harsashi a cinya har ya mutu da shi. Duk shekara sai ya sa mama ta goge masa kaya tun daren 14 ga wata, ya zauna yana goge mindodinsa da tsumma. Da ya rasu mun ɗora hularsa da mindodin a kan akwatin gawa, kafin a rufe muka ɗauke. Yanzu suna cikin gilashi a falon yayana. Ba wanda ke sawa a cikinmu, don shi da bakinsa ya ce wanda bai ji ƙarar igwa ba kada ya rataya. Kowane gida da irin nasu.

Lauya_Mai_Kishi:
Ta fuskar doka: a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Abuja, wadda jihohin Arewa suka gada, sashe na 132 ya hana mutum ya yi sojan gona a matsayin ma'aikacin gwamnati, na 133 kuma ya hana sa tufafi ko ɗaukar alamar ma'aikacin gwamnati da niyyar a zaci shi ne. A Kudu, sashe na 110 na Criminal Code ya hana farar hula sa kakin soja ba da izini ba. To ku lura da kalmar niyya. Wanda ya sa kaftani da hula zanna, ya maƙala mindar 1945 a dama, yana riƙe da hoton kakansa, ba wanda zai ce yana so a ɗauke shi soja ne. Riga kuwa ko ta zamanin Turawa ce, ina ba da shawarar a bar ta a gida.

Sadiq_Terminus:
Barista, kafin a kai ga karanta sashe na 133 ai an riga an sha mari. Wannan fa shi ne gaskiyar titi.

Nura_Katako:
Ni ɗan gwanjo ne, bari in faɗi abin da na sani. In muka kwance dila muka ga riga ko jaka mai launin soja, gefe muke ware ta, ba ma ratayewa. Ba tsoron kamu kaɗai ba ne. Duk wanda ya zauna a garin nan lokutan rikici ya ji yadda mutanen ƙauyuka, Musulmi da Kirista, ke cewa waɗanda suka zo musu da dare da kakin soja suka zo. In kaki ya zama abin da kowa ke samu a kasuwa, ranar da sojan gaskiya ya zo ceton ka ma gudu za ka yi. Don haka ni ina goyon bayan a tsaurara a kan riga.

Comr_Bello:
Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Kowace shekara Shugaban Ƙasa ya ƙaddamar da bajon tunawa, gwamnoni su bi, manya su maƙala a babbar riga, a sanar da gudummawar miliyoyi. Ranar 15 a je dandalin da ke kallon Eagle Square a ajiye furanni, a harba bindiga sau 21, a saki fararen tantabaru, a watse. Su kuma masu mindar fa? Ba mu ga tsoffin sojoji sun shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu ba? Ni ba zan sayi bajon nan ba sai ranar da aka buga lissafin inda kuɗin ke tafiya.

Maman_Abba:
Ban so in yi magana ba, amma Kwamared ya taɓo inda yake mini ciwo. Mijina kofur ne, ya rasu a Borno, ya bar ni da yara uku. Abin da aka kawo mini jakarsa ce da agogo da hularsa. Na yi shekara biyu ina hawa mota da fayil a hannu, wannan tebur ya tura ni wancan, kafin wani abu ya fito. Duk da haka ina sayen bajon, kuma ina maƙala wa Abba a rigar makaranta. Ranar da ya fara sawa malaminsu ya tambaye shi, ya miƙe a gaban aji ya ce babana soja ne, ya mutu yana tsaron ƙasa. Ya dawo gida yana ta ba ni labari. Wannan ranar ba kuɗi ne suka ba shi ita ba. A nemi lissafi, na yarda, amma kada a ce alamar banza ce.

Comr_Bello:
Allah ya ba ki haƙuri Maman Abba, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Ban yi nufin taɓa ki ba. Haushina a kan masu sawa don kyamara ne.

UmmanKhalil:
Amin ya Allah. Maman Abba ki duba saƙo, na yi miki magana ta gefe.

Usman_Leeds:
Daga nan Ingila nake bibiyar ku. A nan tun ƙarshen Oktoba za ka ga jan fure na takarda a ƙirjin mutane, daga mai karanta labarai a talabijin har direban bas. Asalinsa furen da ya tsiro a filayen yaƙin Faransa da Beljiyam ne a yaƙin duniya na farko, kuma ana tsayawa shiru da ƙarfe 11 na ranar 11 ga Nuwamba, lokacin da aka tsagaita wuta a 1918. Maganar Baba Samanja daidai ce, na sha ganin yara da mindar kakanninsu a dama. Abin da ke ci mini rai shi ne da wuya ka ji an ambaci 'yan Afirka ta Yamma da suka je Bama, alhali sunayen waɗanda ba su dawo ba suna nan a rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Kuma ko a lokacin, albashinsu da kuɗin sallamarsu bai kai na farar fata ba.

Zainab_Farin_Gada:
To me ya sa tamu ta zama Janairu ba Nuwamba ba?

MalamTarihi_UJ:
Da mu ma 11 ga Nuwamba muke yi kamar sauran ƙasashen renon Ingila. Daga baya aka mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan.

Alhaji_Dilimi:
Malam ka faɗi rabi ka bar rabi. Mu da muka yi wayo a lokacin, 15 ga Janairu ranar da aka kashe Sardauna ce a Kaduna a 1966, cikin watan azumi, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas. A daren aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam, ɗan garin nan. Kuma masu kaki ne suka yi. Ni in na ga ana fareti ranar, wannan ne ke fara zuwa mini.

Rifkatu_TudunWada:
Baba Alhaji, ai su Maimalari da Pam ɗin ma sojoji ne, suna cikin waɗanda ake tunawa. Har da Ademulegun da Shodeinde da Unegbe da aka kashe a wannan dare. Mahaifina kan ce rana ɗaya ce ta buɗe masifar, rana ɗaya ta rufe ta.

Gyang_Barkin_Ladi:
Tunda an shiga tarihi, ni ma ina da wanda ba a ba shi minda ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzarta, sai ta juyo kan Filato. Aka riƙa kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza dole, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Sanyin nan namu da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Kakan matata daga ƙasar Zazzau aka kawo shi, bai koma ba, a nan ya yi iyali. Su ma yaƙin Hitila suka yi, da diga da kwano. Ba begila, ba fure.

MalamTarihi_UJ:
Wannan gaskiya ne Gyang, kuma ko a makarantun Jos ba a cika koyar da shi ba.

Admin_Zaure:
Jama'a muna ƙaruwa, amma a dawo kan tambayar Ɗan_Gangare. Kuma don Allah a kiyaye harshe a kan maganar 1966, na goge saƙo biyu.

Kyaftin_Ritaya:
Ina tare da Samanja a kan riga, amma na ɗan saɓa masa a kan minda. Sa wa a dama al'adar Ingila ce, jama'armu ba su san ta ba. Mutumin da ke kallo daga nesa ba ya bambance hagu da dama, zai ga matashi da minda huɗu ne kawai. Kuma ƙofa ce: yau jika na gaskiya, gobe wanda ya saya a hannun dillalin kayan tarihi. Mindodin yaƙin duniya na biyu galibi ba a buga sunan mai su a jiki ba, to wa zai tantance? A Amurka sai da suka yi doka a 2013 a kan masu ƙaryar lambar yabo don su ci riba da ita. Shawarata, a sa su a allo mai gilashi tare da hotonsa da takardar sallama, ka rungumo abinka ka zo. Ni da kaina zan sara wa wannan allo.

TsohonSamanja:
Yallaɓai, ba na musu da ku. Sai dai ina tuna mana cewa 'yan Bama sun ƙare, mu na Laberiya ma muna ta raguwa. In ba a bar jikoki sun ɗauko mindodin nan sun fito da su rana ba, a akwati za su yi tsatsa, wata rana a auna su a kilo a sayar wa 'yan jari-bola. Na taɓa tsintar Tauraruwar Bama a tiren mai sayar da tsofaffin makullai. Na saya na kawo gida, har yau ban san mai ita ba.

Abu_Huzaifa:
Wannan na allon ya fi kwanta mini. A ajiye don tarihi, yara su san asalinsu, a kuma yi masa sadaka. Ɗan_Gangare, in ka tashi yin sadakar ka sa da gidan irin su Maman Abba, in za su karɓa.

Zainab_Farin_Gada:
Ni tambayata ga ƙanen nasa ne. In sha'awar kaki yake yi haka, me zai hana ya nemi shiga in an buɗe ɗaukar kurata? Sai ya sa nasa na kansa.

Ɗan_Gangare:
Anti Zainab ai ya nema sau biyu bai samu ba, shi ya sa rigar ke ransa. Na karanta masa duk abin da aka rubuta, ya haƙura da ita, amma ya ce shi zai riƙe hoton. Ni kuma har yanzu zuciyata ta rabu tsakanin maganar Baba Samanja da ta Yallaɓai Kyaftin. Gobe zan kai wa Baffa wayar ya karanta da kansa, don shi ne babba a gidan yanzu, abin da ya yanke shi za a yi. Sadaka kuwa in sha Allahu ranar Juma'a za mu fitar.

Wani abu kuma: mindodin sun yi baƙi, ƙanwata ta ce a dirje su da toka da lemon tsami. Ya halatta?

Kyaftin_Ritaya:
Kada ku kuskura! Toka za ta kankare rubutun. Tsumma mai laushi kawai, in ya kama a ɗan jiƙa shi da ruwan sabulu a goge ƙarfen a shanya nan take. Ƙyallen kada ruwa ya taɓa shi, kuma kada a canza shi da sabo ko ya koɗe. Takardar sallamar a ɗauki hotonta, a sa ta cikin leda ba tare da an manne ta da zafi ba.

MalamTarihi_UJ:
Kuma ka duba lambarsa ta soja da sunan bataliyarsa a takardar, ka turo mini ta gefe, kada ka sa a fili. In bataliya ta 4 ce ta Nijeriya, to Kaladan ya je. In ta 6 ko ta 7 ko ta 12 ce, kakanka ɗan Chindit ne.

Gyang_Barkin_Ladi:
Baba Samanja, wannan tauraruwar da kuka tsinta a tiren makullai, a wace kasuwa ce? Surukata ta ce nasu sun ɓace lokacin da suka yi gudun rikicin 2001.